Kamun Ƙafa a Wuro Nanga

Shafi na 14

Masu hana wayata sakat tun jiya, to ga shi nan. Baiwar Allahn da ta ce in na taɓa mata Taufiƙ har gida za ta zo ta same ni, ki fara neman takalminki. Sababbin zuwa kuma ku matso ku ji inda aka kwana: Nazira, 'yar Aisatu mai tuwo-tuwo a Garwa, ta ce wa mahaifiyarta Marwa za ta biki. Alhali saurayinta Taufiƙ ne ya ɗauko ta ita da ƙawarta Sidonie, suka ƙetare mayo, wato kogi, a kwalekwale zuwa Wuro Nanga kallon tsofaffin fadoji. Garin nan kuwa shi ne Aisatu ta ce ko sunansa kada ta ƙara ji a bakin 'yarta, don a kogin garin ruwa ya ci mahaifin Nazira tun tana goye.

*

Daga kan dutsen da Jamusawa suka gina gidansu ana ganin garin duka kamar an zuba shi a faifai. Ga mayo ya yi jawur saboda ruwan farkon damina, ga gonakin dawa, ga sabuwar fadar lamiɗo mai rufin kwano tana ƙyalli.

Sidonie ta cusa kai cikin wata 'yar kafa a jikin ginin dutsen tana ɗaukar hoto.

"Ta nan suke saka bindiga," ta ce. "Mon Dieu, Nazira, zo ki gani! Duk wanda ya hau kogin nan yana bakin bindigarsu."

Nazira ba ta matsa ba. Taufiƙ take kallo. Tun da suka sauka daga kwalekwale bai yi dariya ba, shi da ko a gidan makoki sai an harare shi. Ya ciro waya, ya duba, ya mayar aljihu, ya sake cirowa.

"Wa kake jira ne?"

"Babu kowa. Rezon waya nake nema."

"A saman dutse ma babu rezo?"

Maimakon ya amsa, sai ya miƙa hannu can ƙasa, wajen wata doguwar katangar ƙasa da ta kewaye rabin unguwa, tsamiyoyi sun leƙo ta samanta.

"Waccan ce tsohuwar fada. Mu sauka kafin hadarin can ya iso. Bayan la'asar ba sa barin baƙi."

"Kai da ka ce ba ka taɓa zuwa ba, ya aka yi ka san lokacin rufe ƙofarsu?"

"Nazira, tambayar ta isa haka, don Allah."

Ta bi bayansa suka fara gangarowa.

*

A bakin ƙofar fadar wani dogari ne zaune a kan buzu, sanda a cinya. Ya ce su tuɓe takalma. Sidonie ta tuɓe, Nazira ta tuɓe. Taufiƙ ya ja baya ya tsaya a inuwar wani ɗan kanti.

"Ku shiga, zan jira ku nan."

"Kamar yaya? Kai fa ka dame ni da maganar fadar nan tun azumi."

"Kaina ke ciwo. Ku shiga kawai."

Dogarin ya ɗago ya ƙura masa ido. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya tambaye shi da Fulatanci, "Kai ɗan gidan wa ne?"

Taufiƙ ya juya baya kamar bai ji ba. Shi da Fulatanci a bakinsa ya fi Hausa zama.

Sidonie ta ja hannun Nazira. "Viens, ƙyale shi. Maza da rigima."

Zaure na farko duhu ne da sanyi da warin jemage. Ginshiƙai ne na ƙasa, kowanne mutum biyu ba za su rungume shi ba. Daga shi sai wani zauren, daga wannan sai wani, kowace ƙofa ta fi ta bayanta gajarta, har sai da suka koma tafiya a sunkuye. A na ƙarshe aka jera tambura an rufe su da fata.

Nan wata tsohuwa ta tarbe su, 'yar firit da ita, baki ja da goro. Ta ce sunanta Hadje, ita ke zagayawa da baƙi mata. Uwarta Bahaushiya ce, don haka Hausarta tas.

"Wannan tambarin ba a kaɗa shi sai lamiɗo ya rasu," ta ce. "Wancan ɗakin kuma a nan ake ajiye..."

Maganar ta maƙale. Sun fito tsakar gida, haske ya faɗa a fuskar Nazira.

Tsohuwar ta matso. Ta kama haɓar Nazira ta juya ta dama, ta juya ta hagu, kamar mai tayin tunkiya.

"Inna, lafiya?"

"Daga ina?"

"Daga Garwa."

"'Yar wa?"

Nazira ta dubi Sidonie. "Ba za ki san ta ba. Aisatu sunanta."

"Aisatu mai wushirya. Mai tabon ƙuna a nan." Ta taɓa bayan hannunta na dama.

Tabon yana nan, kullum tana ganinsa idan uwarta na tuƙa tuwo.

"Ina kika san Daadata?"

"Ni na raka ta bakin mayo ranar da ta gudu da ke." Hadje ta damƙe wuyan hannunta, ƙarfin da ba a zata a jikin tsohuwa ba. "Ita ta turo ki?"

"Ba ta ma san na zo ba."

"La'ilaha illallahu. To zo. Tun da ƙafarki ta kawo ki, ba ni zan ɓoye ba."

*

Suka bi ta wani lungu, suka ɓulla bayan fadar. Ƙarƙashin tsamiya an rataye rago, wani mutum yana feɗe shi. Dogo ne, ya ɗan ranƙwafa, furfura ta cinye gemunsa. Da hannun hagu yake riƙe da wuƙa, yana aikinsa a natse, fatar tana sauka kamar ana tuɓe riga.

"Dawuda," in ji Hadje.

"Na'am, Hadje. Hantar ce? Yanzu zan aiko miki."

"Ɗago ka gani."

Ya ɗago.

Wuƙar ta suɓuce ta faɗi a ƙasa.

"Aisatu?"

"Ba Aisatu ba ce. Abin da ta tafi da shi a bayanta ne."

Mutumin ya dafa tsamiyar. Ya dubi hannayensa duk jini da kitse, ya shiga goge su a jikin riga, yana gogewa yana gogewa.

"Nazira," ya ce da ƙyar. "Ni na raɗa miki sunan."

Ta ja da baya har ta taka ƙafar Sidonie.

"A'a. Babana ya rasu. Ruwa ne ya ci shi."

"Haka na ce ta gaya miki."

"Ƙarya ne!"

"Nazira..."

"Kada ka ƙara kiran sunana! Kowace Sallah ni nake kai masa sadaka masallaci. Kowace Sallah! Tun ina ƙarama nake masa addu'a Allah ya haskaka kabarinsa. Wane kabarin? Wane?"

Sidonie ta riƙe ta. "Calme-toi, ma chérie, kwantar da hankalinki. Zauna tukuna."

Ta tsinci kanta a kan wani turmi da aka kife.

Hadje ta tsuguna a gabanta.

"Saurara, ɓingel am, 'yata. Ubanki mahauci ne, rumfarsa ce ta farko in an shigo kasuwar garin nan. Yana da amini, dillalin shanu, abin da ɗaya ya ci shi ɗaya ke ci. Wata safiya aka tsinci aminin nan a bakin mayo an yanka shi. Wuƙar da ke gefensa ta ubanki ce, kowa ya san ta."

Nazira ta dubi mutumin. Ya sunkuyar da kai.

"Kafin hantsi dangin mamacin sun cinna wa rumfarsa wuta. Suka biyo shi da adduna. Da gudu ya shigo ta ƙofar da kika shigo, ya faɗi ya kama ƙafar lamiɗo, uban wannan na yanzu. Al'adar gidan nan kuwa, wanda ya kama ƙafa ya sha. Lamiɗo ya ce muddin yana cikin katangar nan, babu mai taɓa shi. Amma ranar da ya sa ƙafa waje, babu ruwan fada da jininsa."

"Tun lokacin..."

"Tun lokacin. Ko Idi a cikin gida yake sallarsa. Uwarsa ta rasu a unguwar can, yana jin salatin masu ɗaukar gawa ta bayan katanga, bai fita ba."

Iska ta taso ta kaɗa ragon da ke rataye. Can nesa aka yi tsawa.

"Kai ka kashe shi?" Nazira ta tambaya, ba ta ɗago ba.

"Ban kashe shi ba."

"To me ya sa ba ka neme mu ba? Ko saƙo? Ka san wahalar da Daada ta sha? Ka san har wanke-wanke ta yi a gidajen mutane?"

"Saƙo yana da ƙafa, 'yata. Duk inda ya bi, ana iya bin sawunsa. Sun rantse in ba su same ni ba, za su sami abin da na haifa. Gara ki tashi marainiya da a ce ba ki tashi ba."

Sai ya tsaya. Fuskarsa ta sauya.

"Tsaya. In uwarki ba ta sani ba, wa ya nuna miki hanyar garin nan?"

"Wanda zan aura ne."

"Ɗan ina ne?"

"A Garwa yake, yana sayar da kayan moto, na gyaran babura. Taufiƙ."

"Taufiƙ wa?"

"Taufiƙ Lukmanu."

Hadje ta dafe ƙirji ta zauna daɓas a ƙasa.

Dawuda ya rufe ido.

"Mene ne?" in ji Nazira. "Ku yi magana mana! Mene ne?"

"Aminin nawa," ya ce a hankali, "sunansa Lukmanu. Ya bar yaro ɗaya, lokacin ko yaye shi ba a daɗe da yi ba."

*

Ba ta san lokacin da ta miƙe ba.

"Nazira, kada ki fita!" Dawuda ya biyo ta. "Ki tsaya a ciki! Hadje, riƙe ta!"

Ina! Ta riga ta faɗa lungun. Ta bi zaurukan nan a guje, ta buga goshi a gajeriyar ƙofa ba ta ko ji ba. Abin da ke yawo a kanta kawai ranar da Taufiƙ ya fara zuwa rumfar uwarta cin tuwo, ya ce miyar ta yi gishiri don dai ta tanka masa. Da yadda yake yawan tambaya, wai babanki ɗan ina ne, wai ba ki da hotonsa? Ita kuwa tana jin daɗi, tana cewa ga mai tausayin maraya.

Ta fito ƙofar fada ba takalmi.

Yana nan inda ta bar shi. Da ya ga fuskarta, ya san ta sani.

"Tun yaushe?" ta ce.

"Nazira, bari in..."

"Tun yaushe ka san ko ni 'yar wa ce?"

"Tun kafin in yi miki sallama."

Ta ɗauke shi da mari. Bai kare ba.

"Duk zaryar da kake yi? Duk kukan da na yi a gabanka na rashin uba, kana zaune kana kallona, ka san yana raye?"

"Ni nawa uban fa?" Muryarsa ta fashe. "Ke kin samu naki yau. Ni wa zai nuna mini nawa a bayan katanga? Ban san fuskarsa ba, Nazira! Abin da na sani kawai, tun ina yaro Baffa yake kai ni bakin mayon can yana nuna mini wurin."

"Shi ya sa ka mai da ni tarko."

"Da farko haka ne. Wallahi da farko haka ne. Daga baya kuma... na rasa yadda zan yi. Na ce wa Baffa a bar maganar, ya ce in na bari Allah ya isa tsakaninsa da ni. Ya yi mini alkawari babu abin da za a yi masa. In ya fito, jandarma za a miƙa wa shi, a yi shari'a. Shi ke nan."

"Ka kuma yarda?"

Kafin ya amsa, ƙarar babura ta cika layin.

Uku ne. Suka tsaya a gaban kantin, mai kantin ya ja ƙofarsa ya rufe. Wani dattijo mai jiki ya sauko daga na gaba, babbar riga fara, carbi a hannu. Alhaji Siddiƙu ke nan, ƙanin mahaifin Taufiƙ, wanda ya riƙe shi tun yana yaro. Waɗanda ke bayansa majiya ƙarfi ne, kuma babu mai kakin jandarma a cikinsu. Ɗaya gora ce a hannunsa. Ɗaya ya naɗe wani abu dogo a buhu.

Taufiƙ ya dube su, ya dubi baffansa.

"Baffa, ina jandarmomin?"

"Suna tafe." Alhajin bai ko kalle shi ba. Nazira yake kallo, yana murmushi. "Ita ce wannan? Masha Allah. Sannu 'yata, kin sha hanya."

Ta juya za ta koma ciki. Alhajin ya riga ta. Hannunsa ya rufe wuyan hannunta kamar an ɗaure da tsirkiya.

"Sake ni!"

"Baffa, ba haka muka yi ba!"

"Rufe mini baki. Aikinka ya ƙare."

Sidonie ta fito da gudu, waya a hannu tana neman lamba. Mai gorar ya fizge wayar ya jefa a kwata.

Dogarin ya miƙe tsaye, amma bai wuce bakin ƙofa ba. Ikonsa a nan ya tsaya.

Alhaji Siddiƙu ya ɗaga murya yadda za ta ratsa zauruka.

"Dawuda! Na san kana ji! Ga 'yarka a hannuna. Ruwa ya kusa sauka, mayo zai cika, kuma ka san yadda yake cin baƙi. Ko ka fito, ko ta bi hanyar da aka ce ka bi!"

Mutane sun fara taruwa nesa-nesa. Babu wanda ya matso.

"Baba, kada ka fito!" Nazira ta ƙwala ihu. Sai da kalmar ta fita ta ji abin da ta kira shi.

Shi ma ya ji.

Ya bayyana a cikin duhun zauren, rigarsa duk jinin rago, hannunsa babu komai. Hadje na riƙe da gefen rigar tana kuka tana ja. Ya tsaya daidai dokin ƙofa. Hasken waje ya sa ya runtse ido. Ya dubi layin, ya dubi kantin, ya dubi wayoyin lantarki da babu su a zamaninsa.

Dogarin ya gitta masa sanda.

"Dawuda, ka san magana. In ka tsallaka, ko a gabana aka yanka ka, ba ni da ta cewa."

"Na sani. Usoko, na gode maka. Ka gaishe mini da lamiɗo, ka ce na gode da riƙo."

Ya ɗage sandar a hankali. Ya zare rigarsa daga hannun Hadje.

Ya sa ƙafa waje.

Ɗigon ruwa na farko ya faɗo.

"Ga ni, Siddiƙu. Sake ta."

"Ku kama shi."

"Ba inda zan gudu. Na gaji da gudu a wuri ɗaya." Bai dubi masu tahowa ba. Taufiƙ yake kallo, idonsa ya ciko. "Kai ne ɗan Lukmanu. Ko ba a faɗa ba. Tsayuwarsa ce wannan. Ni na yanka ragon sunanka, yaro."

"Kada ka kira sunan ubana," in ji Taufiƙ.

"Magana ɗaya zan faɗa maka, daga nan ku yi abin da kuka zo yi. Na faɗe ta a gaban lamiɗo, aka ce ina shaida, ba ni da shi. Wuƙata ce, gaskiya ne. Amma ba a hannuna ta kwana ba. Ana gobe abin zai faru, da yamma ina rufe rumfa, wani ya zo ya are ta, wai saniyarsa ce ta karye zai yanka."

"Ƙarya yake!" Alhajin ya daka tsawa. "Me kuke jira?"

"Tambayi baffanka wa ya zo aron. In ya ƙi faɗa, tambaye shi garken ubanka a hannun wa ya kwana. Tambaye shi uwarka da ta fita takaba ɗakin wa aka kai ta."

Har mai buhun ya dakata.

Taufiƙ ya juya a hankali.

"Baffa?"

"Mahaukaci ne. Zaman kurkuku ya taɓa shi."

"Baffa, ka ari wuƙarsa?"

"Ni kake tuhuma? Ni da na ci da kai, na sha da kai, na buɗe maka shago?"

"Ban tuhume ka ba. E ko a'a nake so."

"Matsa ka ba mutane wuri."

Taufiƙ bai matsa ba. Sai ma ya taka ya shiga tsakanin Dawuda da mutanen, ya ba Dawuda baya, ya fuskanci baffansa. Ruwan ya fara sauka da ƙarfi, yana bin fuskarsa.

"Babu mai taɓa shi sai ka amsa mini."

Nazira ta ji hannun da ke riƙe da ita ya saki. Ta yi taga-taga, Sidonie ta tare ta.

Alhaji Siddiƙu ya sa carbinsa a aljihu. Murmushin nan ya ɓace, fuskar da ta rage Nazira ba ta taɓa ganin irinta a jikin mutum ba. Ya tura hannu cikin babbar rigarsa.

"Taurin kai," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Haka ubanka ya tsaya mini a bakin mayo."

Hannun ya fito da wuƙa.

Kuma ba Dawuda ya nufa ba.